Littafin Koyon Aikin Mataimakiyar Likitan Haƙori: Shekara ta Biyu

14 ga Oktoba, 2024

Mun koma kwaleji. Shekarar farko duk a aji ta ƙare, tsakanin ilimin sassan jiki, ƙwayoyin cuta da zanen muƙamuƙi a kan allo. Bana ne za mu fara taɓa kayan aiki, shi ya sa na buɗe wannan littafi, don na gida da ke tambayata abin da nake koyo, da kuma 'yan baya da ke son shigowa fannin.

Har yanzu in na je biki sai a ce "ga likitar haƙori nan ta zo". Ba ita ba ce, kuma ina faɗa musu. A asibitin haƙori akwai likita, shi ke duba ciwo ya yanke abin da za a yi. Akwai masu wankin haƙori da kula da dasashi, akwai masu ƙera haƙoran roba a ɗakin gwaji. Mu kuma aikinmu a gefen kujera yake: shirya ɗaki, tsabtace kayan aiki, miƙa wa likita abin da yake buƙata, kwaɓa kayan ciko, rubuta abin da aka gani, da yi wa majinyaci bayani kafin aiki da bayansa. Akwai hukumar tarayya da ke yi wa irinmu rajista, wadda aka kafa da doka a 1993, kuma sai mun ci jarrabawarta za a bar mu mu yi aiki.

An ba mu sharaɗi tun yau: babu wanda zai shiga asibiti sai ya fara allurar rigakafin ciwon hanta nau'in B. Guda uku ce, ta biyu bayan wata ɗaya, ta uku a wata na shida. Na karɓi ta farko da rana.

28 ga Oktoba

Makonni biyun nan a kan lambar haƙora muke. Babba yana da 32, yaro yana da 20 na nono. Ana raba baki gida huɗu: sama dama 1, sama hagu 2, ƙasa hagu 3, ƙasa dama 4. A kowane gida ana ƙirgawa daga haƙorin gaba, wanda shi ne 1, a bi ta fiƙa da ke 3, har zuwa turmin ƙarshe da ke 8. Idan likita ya ce "uku, shida", turmin farko na ƙasa ta hagu yake nufi. Haƙoran nono kuma gidajensu daga 5 ne zuwa 8.

Dama da hagun da ake magana na majinyaci ne, ba na wadda ke kallonsa ba. Malama ta tsaya a kan wannan ta ƙi wucewa. Ta ce duk wadda ta rubuta 36 a maimakon 46 a kati, ta share hanyar cire wa mutum lafiyayyen haƙori a bar masa mai ciwon, kuma haƙorin babba in ya fita ba ya sake tsirowa. Yanzu kowace safiya takan tsaya a bayanmu tana kiran lambobi da sauri, mu kuma muna cike katin. Hannuna ya fara sabawa.

11 ga Nuwamba

Ɗakin tsabtace kaya. Yawancin 'yan ajinmu ba sa son sa saboda zafi da tsayuwa, ni kuwa a nan na fi ganin nauyin aikin.

Kaya ba sa komawa baya a wannan ɗaki. Daga gefen datti suke shiga, su fita ta gefen tsabta. Ana fara jiƙa su kada jini ya bushe a jiki, a wanke da burushi mai dogon hannu ana sanye da safa mai kauri, a ɗauraye, a shanya, a duba kowanne a ƙarƙashin fitila. Duk mai gaɓa, irin filayar cire haƙori da almakashi, a buɗe ake sa shi don tururi ya ratsa. Sai a zuba a jaka, a rufe, a rubuta kwanan wata, a shigar da su tukunyar tururi da ake kira otokilef. Tana aiki a digiri 121 na tsawon minti 15, ko a digiri 134 na tsawon minti 3. Lissafin mintocin yana farawa ne daga lokacin da zafin ya kai, ba daga lokacin da aka kunna ba.

Wata a cikinmu ta tambayi Malam me zai hana a tafasa kawai, tunda haka ake yi a wurare da yawa. Ya ce ruwa ba ya wuce digiri 100 komai daɗewarsa a kan wuta, kuma akwai ƙwayoyin cuta masu shiga ƙwanso su tsira a wannan zafin. Ya ƙara da cewa ƙwayar ciwon hanta nau'in B tana iya yin mako guda da ranta a busasshen jini. Zanen da ke kan jakar, wanda ke canja launi, shaida ce kawai ta cewa jakar ta shiga zafi. Ba shi ke tabbatar da komai ya mutu ba, shi ya sa ake yin wani gwaji na daban lokaci zuwa lokaci.

Ana tsakiyar zagaye aka ɗauke wuta. Da aka tayar da janareto, Malam ya sa aka faro daga farko duk da saura kaɗan a gama. Ya ce mutumin da zai buɗe baki gobe bai san wannan ɗakin ba, ba zai taɓa leƙo shi ba, amana ce ya ba mu. Na yarda da wannan magana ɗari bisa ɗari. In an yi ha'inci a nan, babu mai gani sai Allah, kuma wanda aka cutar ba zai san inda ya kwaso ciwon ba.

20 ga Nuwamba

Yau an yi mana lacca a kan cutar noma, kuma har yanzu hotunan na idona. Tana kama yara ƙanana, galibi 'yan shekara 2 zuwa 6, waɗanda yunwa ta raunana ko suka tashi daga ƙyanda ko zazzaɓin cizon sauro. Daga kumburin dasashi da wari take farawa, cikin 'yan kwanaki ta ci kunci ta huda shi, ta kai ga ƙashi. Hukumar Lafiya ta Duniya ta ce idan ba a yi magani ba, kusan tara cikin goma na yaran suna mutuwa. Waɗanda suka rayu kuma wasu ba sa iya buɗe baki su ci abinci, ga tsangwama.

A Sakkwato akwai asibitin yara na musamman don wannan cuta, tun 1999 yake aiki. A Disambar 2023 aka shigar da ita jerin cututtukan da duniya ta yi sakaci da su, kuma Najeriya ce ta jagoranci neman hakan.

Abin da ya fi ci mini rai shi ne a matakin farko maganinta ba shi da tsada: maganin kashe ƙwayoyin cuta, wanke baki, abinci mai gina jiki. Abin da ake rasawa shi ne wanda zai ɗaga leɓen yaron ya duba da wuri. Na kira yayata da ke aikin awon yara a ƙauye, na roƙe ta duk yaron da aka kawo da rama ta riƙa leƙa bakinsa.

9 ga Disamba

Mun fara ɗaukar awon baki da garin aljinet. Ana auna gari da ruwa daidai, a murza a jikin kwanon roba da sauri har ya yi sumul, kaurinsa kamar na ƙullun alala. Ruwan ɗumi yana sa shi daskarewa kafin a kai baki, don haka mai sanyi ake so. Da hunturun nan kuma, awon da aka bari a fili sai ya bushe ya tsuke, haƙoran robar da za a ƙera a kansa ba za su zauna ba. Ana ɗauraye shi, a sa masa maganin kashe ƙwayoyin cuta, a lulluɓe da jiƙaƙƙen bandeji, a zuba masa garin filasta ba tare da ɓata lokaci ba.

A junanmu muke gwadawa. Da aka sa mini na sama na ji amai ya taso mini, sai Malama ta ce in sunkuyar da kai in yi numfashi ta hanci. Ya lafa. Zan riƙa faɗa wa majinyata haka tun kafin a fara.

20 ga Janairu, 2025

An tura mu asibiti. Ni da wasu uku muna sashen haƙori na wani babban asibitin gwamnati, ƙarƙashin wata tsohuwar ma'aikaciya da kowa ke kira Anti.

Ta fara da koya mana zama. A ɗauka kan majinyaci yana kan ƙarfe 12 na agogo. Likita mai aiki da hannun dama yana zama tsakanin 7 da 12, mataimakiya tsakanin 2 da 4, kujerarta ta ɗan ɗara tasa tsawo don ta hango cikin bakin. Kaya kuma a saman ƙirji ake miƙa su, ƙasa da haɓa, ba a taɓa wucewa da su ta kan fuska. Hannu ɗaya na riƙe da bututun tsotse yawu, ɗayan na karɓa yana miƙawa. Anti ta ce mataimakiyar kirki ba ta jira a tambaye ta, idonta na kan aikin, ta san abin da ke biye.

Na koyi bambance filayoyi da ido. Na ƙasa bakinsu a lanƙwashe yake. Na turamen sama kuwa akwai na dama akwai na hagu, saboda turmin sama saiwa uku gare shi, biyu ta gefen kunci ɗaya ta gefen ganɗa, kuma tsinin filayar tsakanin biyun nan yake shiga. Allura idan an gama da ita ba a mayar mata da murfi da hannu biyu. A ajiye murfin a kan faranti, a zura allurar da hannu ɗaya, sannan a jefa a akwatin ƙarafa masu tsini, wanda ba a bari ya cika har baki.

10 ga Fabrairu

Kusan kowa da ke zuwa nan cirewa ya zo yi. Kafin su iso sun sha wahalar makonni. An cusa kanumfari, an danna ƙwayar asfirin a kan dasashi har ta ƙone wurin ya yi fari, wasu ma har ruwan batir suke ɗigawa a kogon. Akwai wanda ya ce an riga an fitar masa da tsutsar amma ciwon bai daina ba. Ba na ganin laifinsu. Wanda ciwon haƙori ya hana barci zai gwada duk abin da aka ce masa, ga kuɗin mota, ga kuɗin kati, ga tsoro.

Wani dattijo ya zo da kumburi har ƙarƙashin haɓa. Na tambaye shi, "Baba, kun karya kuwa?" Ya ce a'a, an ce masa ba a cin abinci in za a yi aiki. Na ce wannan na babbar tiyata ne, a nan in mutum ya zo da yunwa ga tsoro yana iya suma a kan kujera. Na bi sauran tambayoyin: hawan jini, ciwon suga, sikila, ko yana shan maganin da ke tsinka jini. Da likita ya duba ya ce wannan ya wuce cirewa a sallama, kwantar da shi za a yi, domin kumburin da ya sauka ƙasan harshe yana iya toshe numfashi. Duk daga haƙori ɗaya da za a iya cikewa a bara.

Bayanin bayan cirewa yanzu ni ke yin sa, don likitan da nake bi Hausarsa ba ta nuna ba. Na daina karanta takarda, ina faɗa yadda za a riƙe. "Inna, ki danne audugar nan da haƙori rabin awa, kada ki yi magana. Yau ba kurkure baki, ba yawan tofar da yawu, ba kunu mai zafi, kada ki sa harshe ko yatsa a wurin. Jinin da ya daskare a ramin shi ne maganin, in ya fita za ki ji ciwon da ya fi na da. Daga gobe ki riƙa kurkurewa a hankali da ruwan ɗumi da gishiri." Sai in ce ta maimaita mini. Idan ta yi alwala fa? Wannan tambayar kullum sai an yi ta, kuma babu ita a takardar. Likita ya ce a ranar farko a sa ruwan a hankali a bar shi ya zubo, kada a wuskar da shi da ƙarfi.

24 ga Fabrairu

Wata uwa ta kawo yarinya 'yar shekara takwas, turminta na ƙasa ya rube. Ta ce a cire kawai, ai na nono ne, wani zai fito. Ba na nono ba ne. Turmin farko na dindindin yana fitowa ne wajen shekara shida, a bayan na nono, ba tare da wani ya faɗi ba, shi ya sa iyaye ba sa lura. Na ɗauko madubi na ƙirga mata daga gaba: biyar na farko gurbin na nono ne, na shidan na zama ne har tsufa. Ta yi shiru, sannan ta ce, "To 'yar nan, yanzu yaya za a yi?" Allah ya taimaka ruɓar ba ta kai jijiya ba, aka cike shi.

Tun daga ranar, duk matar da ta zo da goyo ko da yaro a hannu, ko ba don shi ta zo ba, sai na nuna mata wannan haƙorin. Likita yana da layin mutane a waje, ba shi da minti biyar na hira. Ni ina da su yayin da ake jiran allura ta kama.

20 ga Maris

Azumi ya rage mana mutane da safe. Da yawa sun ce sai bayan Sallah, suna gudun kada ruwa ko jini ya wuce musu. Hukuncin azumi na malamai ne, can muke tura su. Namu shi ne mu gaya wa mai kumburi da zazzaɓi cewa nasa ba ya jira.

Yau ce ranar lafiyar baki ta duniya, mun je wata firamare. Na ɗauki 'yan aji uku. Na ce musu babu tsutsa a haƙori, ƙwayoyin cuta ne ke cin sukarin da ya maƙale, su fitar da tsami, tsamin ya riƙa narkar da bayan haƙori. Yawu yana gyara ɓarnar, amma sai an ba shi lokaci. Don haka yaron da ya shanye alawarsa lokaci guda bayan abinci ya fi wanda ke tsotsar ta kaɗan-kaɗan tun safe har la'asar. Malaman ma sun matso da suka ji wannan, har ɗaya ya ce to shayinsa fa.

Sun tambaya ko asuwaki ya isa. Na ce asuwaki abu ne mai kyau, in an iya shi yana share haƙori sosai, kada kowa ya bari. Abin da man goge baki ya ƙara shi ne sinadarin fuloraid mai ƙarfafa haƙori. Sau biyu a rana, na dare ya fi muhimmanci, a tofar kada a kurkure. Yaron da bai kai shekara uku ba, kwatankwacin ƙwayar shinkafa ya ishe shi. Muna dubawa muka ware waɗanda ke da kogo, muka ba su takarda zuwa ga iyayensu.

28 ga Afrilu

Kayan ciko. Amalgam, wato cikon nan mai launin azurfa, kusan rabinsa zaiba ne. Yana da ƙarko, amma duniya na janye jiki daga gare shi tun bayan yarjejeniyar Minamata ta 2013, wadda Najeriya ke cikinta. Ragowarsa ba a zubawa a shara ko magudana, kwalba mai murfi gare shi. Farin ciko mai daskarewa da shuɗiyar fitila ya fi kyan gani, sai dai ba ya son danshi ko kaɗan, a nan aikin mai tsotse yawu ke fitowa.

Wanda ya fi kwanta mini shi ne gilas ayonoma. Gari ne da ruwansa, a kwaɓa a kan takarda cikin ƙasa da minti ɗaya, a miƙa yana sheƙi. Yana manne wa haƙori da kansa, yana kuma sakin fuloraid. Da shi ake yin wata hanyar ciko da aka faro a Tanzaniya a shekarun 1980: a kankare ruɓar da kayan hannu, a cusa, a danne da yatsa, ba injin haƙa ba wutar lantarki. Bai dace da kowane kogo ba, amma ga ƙananan koguna a bakin yara a garin da ba wuta, ban ga abin da ya fi shi ba. Da za a ba ni zaɓi bayan na gama, a irin wannan aikin nake so a sa ni.

Na karɓi allurata ta uku.

19 ga Mayu

An kawo wani saurayi da ya faɗo daga babur, haƙorinsa na gaba a naɗe cikin takarda, ya bushe tun jiya. Likita ya ce da an tsoma shi a madara aka taho nan take, da an mayar da shi an ɗaure da na kusa. Ka'idar ita ce a riƙe shi ta kai, kada a taɓa saiwar ko a kankare ta, a sa a madara, a iso cikin awa ɗaya. Na nono ne kawai ba a mayarwa, don kada a lalata wanda ke ƙasa. Saurayin ya yi ta kallon takardar. Yanzu sai dai na roba.

Na rubuta wannan bayani da Hausa a kwali, Anti ta yarda aka manna a wurin jira.

Mun kuma fara hoton haƙori, wato eksire. Mai ɗauka ba ta riƙe fim da hannunta, tana komawa bayan bango ko ta ja baya kamar mita biyu, kuma ana tambayar mace ko tana da ciki kafin a fara.

16 ga Yuni

Mun dawo kwaleji don shirin jarrabawa. Littafin sa hannuna ya cika a ɓangaren cire haƙori, tsabtace kaya da ciko. Saura ɓangaren aikin jijiya, wato cire jijiyar haƙori a cike gurbinta, wanda ba a cika yi ba a inda aka tura mu saboda tsadarsa, da hoton turamen sama da har yanzu nake yanke ƙarshen saiwa a cikinsa. Malama ta ce za ta haɗa mu da wani asibitin koyarwa na mako biyu a watan gobe don mu cike giɓin.

Shugaban makarantar firamaren nan ya aiko cewa wasu iyaye sun kai yaransu, wasu kuma sun ce ba su gane takardar ba don da Turanci aka buga ta. Mun zauna mu huɗu mun sake rubuta ta da Hausa, da boko da ajami. Ranar Alhamis za mu kai wa Malama ta duba kafin a buga.